Yaro mai otizim: aikin yana cikin gida, amma wa zai koya wa uwa ƙidaya?

Duk shekara idan 2 ga watan Afrilu ta zagayo, duniya kan yi maganar otizim. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware ranar a ƙarshen 2007, aka fara kiyaye ta a 2008. A manyan birane akan yi taro, a sa shuɗin kaya, a yi jawabai. Washegari kowa ya koma harkarsa. Wadda aka bari da aikin ita ce uwar yaron, tana tare da ɗan shekara 4 da ba ya magana, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, yana buga kai a bango in an canza masa kwanon da ya saba ci a ciki.

Wannan aikin na cikin gida shi muke son dubawa. A ƙasashen da suka yi nisa a fannin, iyaye ne ke tafiyar da shirin koyar da yaro da gyaran ɗabi'arsa a ɗakinsu, suna rubuta abin da ya faru kowace rana, ƙwararre yana zuwa lokaci-lokaci ya duba rubutun ya ba da shawara. To a Maradi da Damagaram da Tahoua fa, inda ƙwararrun ake ƙirga su da yatsu, mafi yawansu ma suna Yamai, kuma uwaye da yawa ba su yi lakwal ba? A ganinmu abin zai yiwu, kuma hujjar ba ta da nisa, tana nan Miriya cikin jihar Damagaram. Amma akwai sharaɗi, za mu zo kansa.

A fara sanin abin da ke damun yaron

A bakin jama'a, da yaron da ba ya ji, da mai farfaɗiya, da wanda ya sha wahala wajen haihuwa, da mai otizim, duk kwando ɗaya ake zuba su. Wani a ce galahanga ne, wani a ce ɗan ruwa ne, wani a ce iska ce ta shafe shi. Alhali kowane da nasa ciwon, kowane da tasa hanyar.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma. Alamunsa kan fito kafin shekara 3: jinkirin magana ko rashinta, rashin nuna abu da yatsa don wani ya gani, rashin shiga wasa da sauran yara, maimaita motsi ɗaya, tsananin riƙo da abin da aka saba, da jin ƙara ko taɓi fiye da yadda sauran mutane ke ji. Wani yaron yana magana sosai har ya yi karatu mai zurfi, wani kuma zai buƙaci taimako duk rayuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. In lissafin ya yi daidai da namu, unguwa mai yara 500 tana da wajen 5.

Abu biyu ya kamata a kawar. Na farko, laifin uwa. Bayan da likita Leo Kanner ya bayyana yara 11 masu wannan hali a Amurka a 1943, an shafe shekaru ana cewa rashin ƙaunar uwa ke kawo shi. Bincike ya rushe wannan magana tuntuni, gado ne ke da babban kaso. Na biyu, rigakafi. Rahoton da ya ɗora laifin a kan allurar ƙyanda a 1998, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi.

Sannan kafin a fara kowane shiri a gida, a gwada kunnen yaro. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma sanƙarau na barin yara da kurumta. Yaron da ba ya ji, buƙatarsa daban ce.

Inda shirin gida ya samo asali

A 1987 wani masani mai suna Ivar Lovaas, na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ya wallafa sakamakon aikinsa a kan yara 19 da aka riƙa koyar da su awa 40 a mako, mutum ɗaya da yaro ɗaya, har shekara 2 ko fiye. Ya ce 9 daga cikinsu sun shiga ajin farko na firamare tare da sauran yara ba tare da wani taimako ba. Labarin ya bazu, hanyar da ake kira ABA ta zama abin nema. Iyaye a Amurka suka koma kamar shugabannin ma'aikata a gidajensu: su ɗauki masu koyarwa, su tsara wa kowa lokacinsa, su tara takardun ƙidaya, su biya kuɗin da ya fi ƙarfin talaka.

Tushen hanyar mai sauƙi ne. Duk halin da aka saka wa da abu mai daɗi yakan ƙaru, wanda bai samar da komai ba yakan ragu. Babban aiki kuma a yanka shi gunduwa-gunduwa, a koyar da ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai aikin Lovaas ya sha suka. Ba a raba yaran ta hanyar ƙuri'a ba, yadda ƙa'idar bincike ta tanada. An yi amfani da tsawa da mari a cinya. Manya masu otizim da suka bi ta wannan hanya suna yara, da yawa sun fito sun ce an fi damuwa da su yi kama da sauran mutane a kan su ji daɗin rayuwarsu. A 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta duba bincike 5 da suka shafi yara 219, ta ce akwai alamar amfani amma hujjar ba ta da ƙarfi. A 2024 kuma wani nazari a mujallar JAMA ta lafiyar yara ya haɗa bincike 144 a kan yara sama da 9,000, bai ga shaidar cewa ƙarin awoyi na kawo ƙarin amfani ba.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Uwar da ke daka da ɗiban ruwa da dafuwa, da goyo a baya, ba ta da awa 40. Ashe ba lallai sai da su ba.

Hanyar da ta fi kama da mu

A Ingila an gwada wata hanya mai suna PACT a kan yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4. Maimakon ƙwararre ya zauna da yaro, sai ya zauna da uwa ko uba su kalli bidiyon wasansu da yaron, yana nuna musu inda yaron ya yi ƙoƙarin isar da saƙo ba su lura ba. A gida kuma su yi minti 20 zuwa 30 kullum. Sakamakon farko a 2010 ya nuna mu'amalar iyaye da yaro ta gyaru, amma alamun otizim ɗin ba su sauya sosai ba. Da aka koma wajen yaran bayan kusan shekara 6, rahoton 2016 ya nuna tsananin alamun ya ragu, kuma raguwar ta ɗore.

An ɗauki wannan hanya aka kai Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, aka gwada a kan yara 65, amma wannan karon ma'aikatan lafiya na gama-gari ne suka koyar da iyaye, ƙwararru suna duba su daga baya. Nan ma mu'amala ta gyaru.

OMS tana da nata shirin na horar da masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 da ke da jinkirin girma ko naƙasa: zama 9 a ƙungiya, ziyara 3 a gida, kuma ba sai an tabbatar da sunan ciwon ba kafin a shiga. An gwada shi a ƙasashe da dama, ciki har da Habasha da Kenya, an fitar da littattafansa ga kowa a 2022. Koyarwar tana cikin ayyukan yau da kullum: wanka, cin abinci, sa tufafi, wasa.

Ƙidayar ita ce ƙashin bayan aikin

Duk waɗannan hanyoyi sun haɗu a wuri ɗaya: sai an bi sawu. Ƙwaƙwalwar mutumin da ya gaji ba ta riƙe lissafi daidai. Ranar da yaro ya tayar da hankali a gaban baƙi, uwa za ta ce ai kullum abin gaba yake yi. Ranar da ya yi barci lafiya, uba zai ce maganin da ya sayo ne ya yi aiki. Ƙidaya ce ke raba gardama.

Ga yadda ake yi. A zaɓi hali ɗaya tak, wanda ya fi cutar da yaron ko ya fi hana gida sakat. A faɗe shi yadda kowa zai gane. “Rashin ji” ba ya ƙirguwa, amma “ya faɗi ƙasa yana ihu” ko “ya ciji hannunsa” yana ƙirguwa. Makon farko kada a canza komai, kallo kawai. Duk lokacin da abin ya faru a jefa tsakuwa ɗaya cikin gwangwanin tumatir. Da dare a ƙirga, a ja layuka da gawayi a bango, ko ɗan lakwal na gidan ya rubuta a kaye, ko a rubuta da ajami. Kowane karo kuma a tambayi kai abu biyu: me ya faru dab da abin, me ya biyo baya?

Masana sun ce irin wannan hali galibi ɗaya daga cikin buƙatu huɗu yake biya wa yaro: yana son wani abu, yana son a kula shi, yana gudun wani abu, ko kuma jikinsa ne ke jin daɗin motsin. Yaron da ba shi da baki, da ihun yake magana.

Mu ɗauki misali. A ce makon farko tsakuwa 8 ake samu a yini, 6 daga ciki kafin azahar ne, lokacin da tukunya ke kan wuta, kuma duk lokacin da ya yi ihun sai a miƙa masa ɗan abin taɓawa don a samu lafiya. To an gano bakin zaren: yunwa yake ji, kuma ya koyi cewa ihu ne ke kawo abinci. Maganin shi ne a ba shi wata hanyar roƙo da ta fi ihu sauƙi. Kafin lokacin ya yi, a kama hannunsa a sa ya ɗauko kwanonsa ya miƙo, nan take a zuba masa, a yaba masa. Nan take fa, ba sai an gama tuƙi ba, domin tukwicin da ya makara yaro ba ya haɗa shi da abin da ya yi. Sannu a hankali a rage kama hannun: daga riƙewa zuwa taɓa gwiwar hannu, daga nan zuwa nuna kwanon, har ya yi da kansa. Sai a ƙara gwangwani na biyu, na lokutan da ya miƙo kwano. Abin da ake so shi ne na farko ya riƙa raguwa, na biyu yana cika.

Akwai abin da ke karya wa iyaye gwiwa in ba a gaya musu tun farko ba. Idan ihu ya daina kawo abin da ya saba kawowa, kwanakin farko yakan ƙaru kafin ya sauka. Wanda ba ya ƙidaya zai ce abin ya lalace ya watsar. Mai ƙidaya zai ga hawan, ya kuma ga saukar.

Haka ake koyar da wanke hannu, ko zuwa bayan gida, ko sa riga: a yanka aikin zuwa matakai, a riƙa lura da matakin da yaro ke yi shi kaɗai da wanda sai an taimaka. Sau ɗaya a mako, a ce ranar kasuwar garin don kada a manta, uwa da uba su zauna su duba layukan. In bayan mako 3 ko 4 babu motsi, ba yaron ne ya kasa ba, dabarar ce za a sake. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Abin da Miriya ta nuna

Wani zai ce wannan ai aikin 'yan boko ne. An taɓa faɗin haka a kan tamowa. Shekaru da dama, auna damtsen yaro aikin ma'aikatan lafiya ne da 'yan rele. Tsakanin 2013 da 2014 ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka yi gwaji a gundumar Miriya. A yankin Dogo aka koya wa uwaye sama da 12,000 amfani da ɗan ma'aunin nan mai launi uku, kore da rawaya da ja, inda ja ke nufin damtse bai kai milimita 115 ba. A yankin Takieta aka bar aikin a hannun ma'aikatan sa-kai. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna uwaye ba su gaza ma'aikatan ba. Yaran yankinsu ma sun fi isowa likita da wuri, waɗanda sai an kwantar sun fi kaɗan, kuɗin da aka kashe kuma bai kai na ɗaya ɓangaren ba. Yau ƙasashe da yawa suna bin wannan hanya da aka gwada a ƙasarmu.

Ba shi kaɗai ba ne. Tun 2013 ake raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa a gida. Ga kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maradi a 1991, inda matan da da yawansu ba su karatu suke riƙe lissafin asusu da bashi da riba ba tare da ya ɓace ba.

Ke nan maganar cewa uwar karkara ba za ta iya bin sawun ɗanta ba, ba ta da tushe. Abin da take buƙata shi ne ma'auni mai sauƙi da wanda zai nuna mata sau ɗaya ko biyu.

Gidan yawa: ƙarfi ne, matsala ce

Littattafan da aka rubuta a Turai suna ɗauka cewa gida uwa ce da uba da yaro ɗaya ko biyu. Namu gidan akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai yayye da ƙanne da 'ya'yan maƙwabta. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya sama da 6 a matsakaici.

Wannan yana da amfani. Abin da iyaye a Amurka ke biyan kuɗi a yi musu, wato yaro ya gwada abin da ya koya da mutane daban-daban, mu muna da shi kyauta a tsakar gida. Amma in bakin bai zo ɗaya ba, aikin ya rushe. Uwa tana jira ya miƙo kwano, kaka ta ji ihu ta ce “haba, ku ba shi mana, kar ku kashe mini miji”, ta miƙa masa. Yaro ya koyi cewa ihu yana aiki, sai dai a wajen Kaka. Don haka tun ranar farko a zaunar da duk wanda ke ba yaron abinci, a gaya masa abin da ake ƙirgawa da abin da za a yi in ya faru. Bangon da ake ja wa layuka ya zama inda kowa ke gani.

Maigida kuma ba ɗan kallo ba ne. Shi ne maganarsa ke tsayar da kaka da sauran dangi, shi ke ba da kuɗin mota zuwa likita. In ya tafi ci-rani, wayar salula tana nan: saƙon murya ɗaya a mako, tsakuwa nawa, kwano sau nawa. Abin da za a kiyaye shi ne kada a cire yayar yaron daga lakwal a mayar da ita mai reno. An gyara ɗaya an ɓata ɗaya ke nan.

Wayar tana da wani amfanin. Yaro kan ƙi yin abin da ake kuka da shi a gaban lokotoro, bidiyon minti ɗaya ya fi dogon bayani. Amma bidiyon na lokotoro ne. Kada ya shiga zaurukan WhatsApp, domin yaron zai girma, kuma abin da ya shiga waya ba ya dawowa.

Ƙidaya tana tsare aljihu, tana tsare yaro

Inda babu likita, masu sayar da waraka ba su rasa kasuwa. Daga mai lasifika a tasha har mai talla a Facebook, kowa yana da maganin da zai buɗe bakin yaro cikin mako biyu. Iyali su sayar da akuya, su sayar da hatsin da za a ci. A faɗa a fili: har yau babu ƙwaya ko jiƙo ko allura da ke warkar da otizim. Akwai magunguna irin su risperidone da likita kan rubuta in tashin hankalin ya yi tsanani, amma suna sa ƙiba da barci, kuma ba abin saye ba ne a teburin mai magani na bakin hanya.

Iyayen da ke da layukansu a bango ba su da sauƙin cuta. An ba da magani wata guda, tsakuwa 8 ce kafin, 8 ce bayan, magana ta ƙare. Addu'a kuwa ba ta hana ƙidaya, ƙidaya ba ta hana addu'a. Abin da ba za a yarda da shi ba, ko daga wa ya fito, shi ne duka, ɗauri da igiya ko mari, hana abinci, turaren da ke shaƙe yaro. Duka yana iya tsayar da hali na ɗan lokaci, amma ba ya koya wa yaro abin da zai yi a maimakonsa, sai dai ya koya masa tsoron mai dukan.

Haka nan ba kowane hali ake yaƙa ba. Yaron da ke kaɗa hannu ko yana jujjuya murfin kwalba, in ba ya cutar da kowa, a bar shi, da shi yake kwantar da hankalinsa. Tilasta masa kallon cikin ido ma ba dole ba ne. Abin da ake nema shi ne ya iya faɗin buƙatarsa, ya kula da jikinsa, ya tsira daga wuta da rijiya da titi.

Akwai kuma lokacin da layukan ke cewa a tafi likita yau. In ƙidaya ta yi tsalle farat ɗaya ba dalili, a duba haƙori da kunne da ciki, domin yaron da ba ya magana ba zai ce yana ciwo ba. In ya fara suma ko ƙafewar ido, a tuna farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu otizim, kuma ita tana da magani. In ya rasa abin da ya riga ya iya, ko yana ji wa kansa rauni, wannan ya wuce aikin gida.

Sharaɗin da muka ce za mu zo kansa

Abin da ya sa gwajin Miriya ya yi nasara ba ma'aunin kaɗai ba ne. In uwa ta ga ja, ta san inda za ta, kuma in ta je akwai abincin tamowa da ma'aikacin da ya san abin yi. Da a ce ta ga ja ta je CSI aka ce mata babu komai, da ma'aunin ya koma abin wasan yara.

A nan gizo ke saƙar. Uwa ta cika kaye da layuka ta kai wa majo, shi kuma ba a taɓa koya masa abin da zai yi da su ba, to an ƙara mata aiki ne kawai. Ba daidai ba ne a ce tunda uwaye za su iya, hukuma ta huta.

A takarda ba mu da baya. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi doka mai lamba 2019-62 a watan Disamban 2019 kan shigar da su cikin al'umma. Tun 2006 aka ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Sai dai yaro mai otizim sau da yawa ba a gane shi sai ya kusa shekara 5 ko ya wuce, wato daidai lokacin da kyautar ke ƙarewa.

Abin da muke ganin ya dace ba ya buƙatar sabon gini. Uwaye suna zuwa awo da rigakafi da karnen yaro a hannu. A nan za a ƙara tambayoyi kaɗan: yana waiwayowa in an kira shi, yana nuna abu da yatsa, ya fara kalmomi? A horar da ma'aikaci ɗaya a kowace CSI da wasu 'yan rele a kan shirin OMS, da harshen da uwa ke ji, da hotuna a maimakon rubutu. Zaman ƙungiya 9 ɗin nan, ƙungiyoyin mata da ke haɗuwa duk mako sun riga sun share masa fili. Ƙwararrun da ke manyan asibitocin Yamai da Damagaram da Maradi, maimakon su jira iyalin da ya iya biyan kuɗin mota, su riƙa duba aikin ma'aikatan gundumomi ta waya, yadda aka yi a Goa da Rawalpindi. A fara da gunduma ɗaya, a ƙirga sakamakon, in ya yi kyau a faɗaɗa. Ƙungiyoyin naƙasassu, irin su tarayyar FNPH, suna da bakin da za su matsa a yi.

Kafin nan, iyayen da ke da irin wannan yaro ba sai sun jira kowa ba don su fara makon kallo. Hali ɗaya, gwangwani ɗaya, kwana 7. Ranar da za ku je likita ku tafi da lissafin, ku ce a gwada kunne, ku tambayi inda za a tura ku gaba. In uwaye goma suka zo wa majo ɗaya da kaye a hannu suna tambaya iri ɗaya, dole maganar ta hau sama zuwa gunduma.